Idan Google Maps Ta Daina Aiki: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Kai Waya Wurin Mai Gyara

Direban da ke ɗaukar fasinja ta manhaja, da mai kai saƙo a babur, da wanda aka turo wa lokeshan ɗin gidan biki a unguwar da bai taɓa takawa ba, duk magana ɗaya suke yi idan taswira ta tsaya musu: "GPS ɗin wayata ya mutu." Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau. Abin da ke damuna shi ne saurin da ake yi a ce a yi wa waya filashin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake zuba mata manhajar da ke tafiyar da ita. Mutum ya rasa hotunan 'ya'yansa da lambobin abokan cinikinsa, ya biya kuɗin aiki, washegari matsalar ta dawo, domin tun asali wani ɗan maɓalli ne a kashe a cikin saitin wayar. Ga wanda taswirar nan ce hanyar cin abincinsa, wannan asara ce a kan asara.

Bayanin nawa a kan Google Maps ne a wayar Android, don ita ce a hannun yawancinmu, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung ko Redmi. Inda iPhone ta bambanta zan faɗa. Waze, wata manhajar taswirar, da manhajojin direbobi ma kusan hanya ɗaya ake bi a gyara su. Sunayen wurare na cikin saiti na bar su yadda suke fitowa a sikirin, amma kowane kamfani yakan ɗan sauya musu mazauni. In ba ka ga abu a inda na ce ba, rubuta sunansa a akwatin bincike da ke saman Settings, zai kai ka.

Abubuwa uku da taswira ke tsaye a kansu

Taswirar waya tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku, ko wanne ya goce sai ta karkace. Duk aikin gyaran shi ne ka gano wanne ne ya goce.

Na farko sigina ce daga taurarin ɗan'adam. GPS na Amurka ne, taurarinsa wajen 30 suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana ta aiko da bayanin inda yake da ainihin lokacin da ya aiko. Wayarka sauraro kawai take yi, ba ta aika musu komai. Da zarar ta ji aƙalla guda 4, sai ta lissafa inda take. Wayoyin yanzu har da na wasu ƙasashe suke ji: GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, BeiDou na Sin. Wannan sauraron ba ya cin data ko ta kobo, ko babu layi a wayar yana yiwuwa. Sai dai siginar a raunane take isowa ƙasa, rufin kwano ko na kankare yana iya tare ta.

Na biyu data. Hoton tituna, sunayen wurare, lissafin hanya da labarin cunkoso duk ta intanet suke zuwa. Akwai kuma wani taimako da data ke yi a ɓoye: ita ke sanar da wayar inda taurarin suke a wannan lokaci, shi ya sa take kama su cikin 'yan daƙiƙoƙi. In babu data, dole wayar ta karɓi wannan bayani daga taurarin kansu, kuma cikakken jadawalinsu minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya gama sauka.

Na uku ita wayar kanta: ko ta ba manhajar izini, ko tana barinta ta yi aiki in sikirin ya mutu, ko akwai sauran wuri a ma'ajiya, ko zafi bai galabaitar da ita ba. A ganina nan ne mafi yawan matsalolin suke, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa.

Fara da kallon abin da take yi

In kana tuƙi, samu wuri ka faka tukuna. Kada ka shiga saiti hannu ɗaya a kan sitiyari.

Yanzu buɗe taswirar ka dubi ɗigon da ke nuna inda kake. In shuɗi ne ƙarami, wayar ta san wurinka. In akwai da'ira mai faɗi mai ruwan shuɗi-shuɗi kewaye da shi, tana gaya maka ne cewa kana wani wuri a cikin da'irar, amma ba ta tabbatar da ainihin wurin ba. In ɗigon ya koma ruwan toka, ta rasa ka gaba ɗaya, inda ta gan ka na ƙarshe take nunawa. Biyun ƙarshen nan matsalar sigina ce ko ta izini. Amma in ɗigon shuɗi ne yana tafiya tare da kai, taswirar ce ta zama fili fetal mai layi-layi babu titi babu suna, to GPS ba shi da laifi, data ce. In kuma manhajar ce ke rufe kanta ko ta daskare, wannan cikin wayar ne.

Kafin komai, yi abubuwa biyu masu sauƙi. Kunna alamar jirgi ta Airplane mode, ka ƙirga goma, ka kashe. In bai yi ba, kashe wayar gaba ɗaya ka kunna. Wayar da ta yi makonni ba a kashe ta ba takan warware da wannan kaɗai. Ka kuma tambayi na kusa da kai ko tasa tana aiki, domin wani lokaci daga can kamfanin ne, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2022 da Google Maps ta tsaya wa mutane a ƙasashe da dama na ɗan lokaci. In haka ne babu abin da za ka gyara, jira ne kawai.

Ɗigon ya yi toka, ko yana nuna ka a wata unguwa

Fita fili tukuna. Wanda ke zaune cikin shago a Kantin Kwari ko ƙarƙashin rumfar kwano a tasha, yana ta danna waya yana cewa ba ta gan shi ba, gaskiya ne ba za ta gan shi da kyau ba. Tsaya inda kake ganin sama sosai, nesa da dogon gini, ka ba ta minti biyu ko uku. In ka yi doguwar tafiya lokeshan a kashe, ka ce daga Kano zuwa Legas, ƙara mata haƙuri, don sai ta sake neman taurarin daga farko.

In ba ta kama ba, ja sikirin daga sama ka tabbatar Location a kunne yake. Da yawa muna kashe shi don tattalin caji mu manta.

Sai izini. Danna alamar Maps ka riƙe, zaɓi App info, shiga Permissions, sannan Location. A nan ka zaɓi Allow only while using the app. Manhajar direba ko ta kai saƙo kuwa, wadda dole ta san inda kake ko ba ka buɗe ta ba, in akwai Allow all the time shi za ka ba ta. Kada ka ce ai ka taɓa ba da izinin. Tun daga Android 11, waya tana janye izini da kanta daga manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba.

A wannan shafin dai, dubi ƙasa. Akwai wani ɗan maɓalli mai suna Use precise location, wanda ya zo da Android 12. Wannan maɓallin ya wahalar da mutane ba kaɗan ba. In a kashe yake, wayar ba za ta ba manhajar ainihin inda kake ba, sai dai ta ce kana cikin wani yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3. Kana Zoo Road, taswira ta ajiye ka can wata unguwa, da'irar shuɗin ta rufe rabin sikirin, ka danna Start ta ƙi tafiya. Yadda yake kashewa kuwa ba wuya: ranar farko da manhajar ta nemi izini, hotuna biyu suka fito, mutum ya taɓa na Approximate bai lura ba. Kunna shi. Mai iPhone ya shiga Settings, Privacy & Security, Location Services, ya zaɓi Google Maps, ya sa While Using the App, ya kunna Precise Location.

Daga nan koma Settings, shiga Location, sai Location services, ka kunna Google Location Accuracy. Shi ne ke ba wayar damar haɗa GPS da turakun sadarwa da Wi-Fi na kusa don ta yi saurin gano ka, musamman a cikin gari inda gine-gine ke tare sama. A tsofaffin wayoyi sunansa High accuracy, a ƙarƙashin Mode.

In ɗigon ya kafe a wani gari dabam, ko ma wata ƙasa, ya ƙi motsi ko kaɗan, tuna ko an taɓa sa wa wayar manhajar lokeshan na bogi. Wayar gwanjo takan zo da irin wannan. Duba Developer options, in yana buɗe, ka nemi Select mock location app, ka tabbatar babu abin da aka zaɓa, sannan ka goge manhajar.

Abubuwa biyu na cikin mota ma suna rage sigina. Wasu ledojin tinti na gilashi akwai ƙarfe a jikinsu, suna tare ta. Cajar mota mai arha kuma takan fitar da hayaniyar lantarki da ke danne ta. Gwajin mai sauƙi ne: zare cajar ka gani ko ɗigon zai daidaita, ko ka fito da wayar waje. In a waje tana aiki a ciki ba ta yi, ka san ba wayar ba ce.

Tana aiki, amma da sikirin ya mutu sai ta ɓace

Wannan ce ta fi cutar da masu babur da masu keke, waɗanda ke sa waya a aljihu suna sauraron murya ta iyafis. Tafiya ta fara lafiya, bayan 'yan mintuna muryar ta ce sigina ta ɓace, ko ta yi shiru sai an wuce kwanar. Haka nan direba ya karɓi kira, ya dawo ya tarar taswirar ta koma farko.

Wayar ce da kanta ke kashe manhajar don ta adana batir. Kamfanonin waya suna gasar wanda cajinsa zai fi daɗewa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce rufe duk abin da ke aiki a bayan fage. Ga yawancin manhajoji wannan ba laifi, amma taswira aikinta ke nan, ta ci gaba da sauraro ko ba ka kallonta.

Fara kashe Battery saver ko Power saving duk lokacin da za ka bi taswira. Lura cewa wayoyi da yawa suna kunna shi da kansu in caji ya sauko wajen kashi 20 ko 15, shi ya sa matsalar kan ɓullo da yamma. Sannan koma App info na Maps, shiga Battery, ka zaɓi Unrestricted. A Redmi sunansa No restrictions, kuma ka kunna Autostart. A Samsung shiga Battery, Background usage limits, ka cire Maps daga jerin masu barci in tana ciki. A Tecno da Infinix da itel, buɗe Phone Master ka ba Maps damar tashi da kanta, sannan ka buɗe jerin manhajojin da ke buɗe ka kulle ta da alamar kwaɗo, don kada share-sharen wayar ya tafi da ita.

Shawarata, duk wata manhajar da ka sauke mai cewa tana ƙara wa waya gudu ko tana sanyaya batir, goge ta. Abin da take yi kawai shi ne rufe manhajoji, har da wadda kake bukata.

Taswirar ta zama fili, ko ta ƙi lissafa hanya

Buɗe burauza ka nemi kowane shafi. Kada ka gwada da WhatsApp, domin akwai ƙunshin data da ake sayarwa na kafafen sada zumunta kaɗai. Saƙo na shiga yana fita, mutum ya rantse yana da data, alhali wadda taswira ke ci ta ƙare tun jiya. A Najeriya *323# zai nuna maka abin da ya rage a kowane layi. Mai layi biyu ya duba ko wayar ba ta koma kan layin da babu komai ba.

In burauza tana buɗewa Maps ce kaɗai ba ta yi, wurare uku za ka leƙa. A App info, ƙarƙashin Mobile data, kunna Background data, in kuma kana amfani da Data saver ka kunna Unrestricted data usage. A cikin Maps kanta, taɓa hotonka a sama ta dama, shiga Settings, ka tabbatar Wi-Fi only a kashe yake. In kana da VPN, kashe shi ka sake gwadawa.

Duba agogon wayar ma. In kwanan wata ko lokaci ya kauce, musamman a wayar da batirinta ya mutu ta daɗe a ajiye, manhajojin Google sukan ƙi haɗuwa da intanet sam. Shiga Date & time ka bar wayar ta riƙa saita kanta.

Kibiyar tana kallon baya

Ɗigon yana daidai, amma hasken da ke fita daga jikinsa yana nuna gabas alhali kana fuskantar yamma, ko taswirar tana ta juyawa kana tsaye. Wannan ba GPS ba ne, kamfas ɗin wayar ne, wato ɗan abin da ke jin maganaɗisun duniya ya san ina ne arewa. In hasken siriri ne, kamfas yana daidai. In ya baje da faɗi, yana son saiti.

Taɓa ɗigon shuɗin, zaɓi Calibrate, ka riƙe wayar a iska kana zana lamba 8 da ita, kana juya wuyan hannunka yadda wayar za ta kalli kowane ɓangare. Yi haka 'yan lokuta, nesa da mota da ƙofar ƙarfe da janareto. Za ka ga hasken yana tsukewa a gabanka.

In ka saita ya sake rikicewa da ka koma mota, dubi mariƙin wayarka. Irin wanda ake manna ɗan faifan ƙarfe a bayan waya ya kama da maganaɗisu yana da daɗin amfani, amma kamfas yana jin wannan maganaɗisun fiye da na duniya. Rigar waya mai marfi da ke rufewa da maganaɗisu ma haka take. Cire rigar, canza mariƙi zuwa mai matse waya ta gefe, ka sake saiti.

Wasu wayoyi masu sauƙin kuɗi ba a sa musu kamfas ba tun daga kamfani. Irin waɗannan ba sa sanin inda ka fuskanta sai ka fara tafiya. Babu gyaran da za a yi musu. Ka tafi 'yan mitoci, kibiyar za ta juyo da kanta.

Manhajar tana rufe kanta ko tana daskarewa

Bi wannan a jere, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kana gwadawa bayan kowanne.

A App info danna Force stop, ka sake buɗewa. In bai yi ba, shiga Storage ka danna Clear cache. Wannan tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, ba ka rasa komai. Sannan dubi ma'ajiyar wayar gaba ɗaya. In ta cika maƙil da bidiyoyin guruf-guruf, taswira ba ta da inda za ta ajiye abin da take saukewa. Samar mata aƙalla gigabait 1 ko 2.

Sai ka shiga Play Store ka sabunta Maps. Ka kuma tabbatar Google Play services ba a kashe yake ba kuma sabo ne, don ta hannunsa Maps ke karɓar lokeshan. In kuwa matsalar ta fara ne daidai bayan sabuntawa, yi akasin haka: a App info taɓa ɗigo ukun da ke sama, zaɓi Uninstall updates, manhajar ta koma yadda ta zo da wayar, daga baya ka sake sabuntawa.

Clear storage ko Clear data shi ne na gaba, kuma ka san abin da zai tafi da shi: taswirorin da ka sauke da saitin da ka yi a cikin manhajar. Wuraren da ka adana suna cikin asusunka na Google, za su dawo. Mai iPhone sai ya goge manhajar ya sake saukewa.

In har yanzu, gwada Safe mode. A wayoyi da yawa za ka riƙe maɓallin kashewa, sannan ka danna Power off ka riƙe har rubutun ya fito. A wannan yanayi manhajojin da suka zo da wayar ne kaɗai ke aiki. In Maps ta yi lafiya a nan, to wata manhaja da ka sauke ce ke hana ta, ka fara gogewa daga ta baya-bayan nan.

Wayoyi iri biyu suna da nasu hali. Ƙananan wayoyi masu Android Go wani lokaci Maps Go ce a kansu, ita kuwa a kan Chrome take tafiya, don haka Chrome ma sai an ba shi izinin lokeshan an kuma sabunta shi. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 kuma ba su zo da kayan Google ba, Maps ba za ta yi aiki a kansu yadda ya kamata ba ko an cusa ta. Petal Maps ko HERE WeGo sun fi dacewa da su.

Murya ta ɗauke

Wannan ba ta da wahala. Kana cikin tafiya, taɓa alamar lasifika a gefen sikirin, ka tabbatar tana kan Unmute, ba Mute ko Alerts only ba. Ƙara sautin wayar a daidai lokacin da taswirar ke buɗe, don sautin kira dabam, na manhajoji dabam. In Bluetooth a kunne yake, wataƙila muryar tana zuba cikin iyafis da ke aljihunka, ko cikin rediyon motar da ke kan wata tasha. Kashe Bluetooth, ko ka kashe Play voice over Bluetooth a saitin tafiya na manhajar.

Zafi

Apple ta ce wayoyinta an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu zafi kan haura 40 a inuwa. Yanzu ɗauki wayar da aka maƙala a gilashin gaba, rana na dukanta kai tsaye, sikirin a ƙure, GPS da data na aiki, tana kuma caji. Za ta rage haske da kanta, ta yi nauyi, ta daina karɓar caji, daga ƙarshe ta rufe manhajar. Cire mata riga, zare caja, sa ta a inuwa na ɗan lokaci. Kada ka sa ta a firji ko ka ɗora mata ƙanƙara, danshi zai taru a ciki. In motar na da na'urar sanyi, mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar ya fi na gilashi nesa ba kusa ba.

Yadda za ka san ko da gaske wayar ce ta lalace

Sauke manhajar gwaji irin GPSTest daga Play Store. Fita fili, ka buɗe ta, ka jira minti goma. Za ka ga jerin taurari, kowanne da tutar ƙasarsa da lambar ƙarfin siginarsa. Waya mai lafiya a fili takan ga taurari da yawa, wasunsu ƙarfinsu ya haura 30. In za ka iya, ajiye wayar wani kusa da taka ku gwada tare. Tasa ta cika da taurari, taka babu ko ɗaya ko kuma duk lambobin ƙanana ne, to yanzu kana da hujjar zuwa wurin mai gyara.

Tuna abin da ya faru kafin matsalar ta fara. Wayar ta faɗi? Ruwa ya taɓa ta? An canza mata sikirin ko batir ko marfin baya? A wayoyi da yawa eriyar GPS a jikin firam ko marfin baya take, wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu kamar sifirin ne ke haɗa ta da allon lantarkin da ke cikin wayar. In ɗaya ya lanƙwashe, ko marfin bai zauna daidai ba, ko an bar wani sukuru ba a ɗaure ba, sigina ta tafi. Filashin ba ya gyara wannan ko sau nawa aka yi.

In ka je, faɗa masa a fili: "Injiniya, na gwada a fili, ba ta ganin tauraro ko ɗaya, kuma bayan an canza sikirin ne ta fara. Don Allah duba min eriya kafin a taɓa abin da ke cikin wayar." Mai gyara na kirki zai ji daɗin wannan bayani, ka rage masa aiki. In wayar tana cikin garanti, kai ta cibiyar kamfanin, kamar Carlcare ga masu Tecno da Infinix da itel, domin buɗe ta a wani wuri yana iya soke garantin. Ko ina za ka kai ta, kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, ka kuma tabbatar kana tune da kalmar sirrin asusunka na Google.

In taswirar lafiya take, amma ta kai ka inda ba nan ba

Sau tari lokeshan ɗin da aka turo ne bai yi daidai ba. Mai gida yana cikin ɗaki ya buɗe WhatsApp ya aika nan take, wayarsa ba ta kai ga gano shi ba. A wurin aikawar akwai ɗan rubutu da ke nuna daidaiton wurin da mita. Roƙe shi ya fito ƙofar gida, ya jira lambar ta sauko ƙasa da mita 20, sannan ya aiko. A lungunan cikin gari inda gida ke manne da gida, bambancin mita 100 layi biyu ne ko uku.

Duba kuma alamar abin hawan da ka zaɓa a sama. Hanyar ƙafa da ta babur, wadda aka kawo Najeriya a 2019, sukan bi ta lungun da mota ba za ta shiga ba. A Route options ma ka tabbatar ba a kunna Avoid highways ba, in ba haka ba za ta yi ta kauce wa babban titi. Akwai abin da babu saitin da zai gyara: taswira ba ta san gadar da ruwa ya cinye a daminar bana ba, ba ta kuma san hanyar da direbobi suka daina bi bayan la'asar saboda tsaro ba. Ita gajeriyar hanya take nema. In tafiyar ta fita gari ce zuwa inda ba ka sani ba, tsaya a tasha ka tambayi direbobin layin kafin ka yarda da yanken da ta nuna maka.

Ga mai yawan tafiya inda sabis ke ɗaukewa, sauke taswirar tun kana gida. Taɓa hotonka a cikin Maps, shiga Offline maps, zaɓi Select your own map, ka ja akwatin ya rufe garinka da hanyar da za ka bi, ka danna Download. In hanyar doguwa ce sai ka sauke ta gunduwa-gunduwa, kowane akwati ya ɗan hau kan na kusa da shi. Wadda aka sauke hanyar mota kawai take bayarwa, babu ta ƙafa babu labarin cunkoso, kuma tana da ranar ƙarewa da ke rubuce a ƙarƙashin sunanta, sai ka riƙa sabunta ta. Da ta gama sauka, kunna alamar jirgi, ka bar Location a kunne, ka nemi hanyar wani wuri a cikin yankin. In ta zana maka shuɗin layi, ta sauka daidai. In ta ƙi, goge ta ka sake saukewa kafin ka kama hanya.